Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Kariyar Masu Tseren Babur

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana son sanin irin kayan da ya kamata mutum ya tanada kafin ya hau babur a filin tsere. To malam, mun gode da wannan tambaya.

Fara da hular kwano, amma ba irin ta 'yan acaɓa mai buɗaɗɗiyar fuska ba. Nemi wadda ta rufe kai har haɓa, mai ɗauke da tambarin gwajin Turai, ECE 22.06. Ta kama kanka daram, kada ta yi lilo idan ka girgiza shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Da zarar ta daki ƙasa da kai, aikinta ya ƙare ko da bayanta bai tsage ba. Shi ya sa ba na son a sayi ta gwanjo.

Sai rigar fata mai haɗe da wando, wadda kaurinta ya kai milimita 1.2 zuwa 1.4, domin mai faɗuwa da gudu yakan ja jiki a kan kwalta mai nisa, yadi kuwa nan take yake yagewa. A ciki ka sa garkuwar baya mai matakin kariya na 2. A gasar tseren babur ta MotoGP, tun 2018 aka wajabta rigar da ke kumbura da iska kafin mahayi ya taɓa ƙasa.

Safar hannu ta wuce wuyan hannu, takalmi ya rufe idon sawu har ƙwauri. Kafin ka biya kuɗi, gwada su duka kana duƙe kamar kana kan babur.