Murfin da Ba Ya Rabuwa da Gorarsa

An daɗe ana yi wa jama'a gargaɗi kan zubar da shara barkatai, amma sau da yawa gargaɗin ba ya tasiri, domin ɗan'adam yakan bi abin da ya fi masa sauƙi. Saboda haka masu ƙera kayayyaki suka koma ga wata dabara, watau gyara siffar kayan ta yadda hanya mafi sauƙi za ta zama ita ce mai kiyaye muhalli. Tarihin gwangwanin lemo ya isa misali.

A farkon shekarun 1960 aka fara sayar da gwangwani mai ɗan zoben da ake ja a buɗe shi, ƙirƙirar wani injiniya Ba'amurke mai suna Ermal Fraze. Zoben kuwa cirewa yake yi ɗungurungum, sai mutane suka yi ta yar da shi. Yakan yanki ƙafa a bakin teku, wasu kuma sukan jefa shi cikin gwangwanin, su haɗiye shi a rashin sani. A 1975 Daniel Cudzik na kamfanin Reynolds Metals ya fito da wani zoben, wanda ke danna bakin gwangwani ciki, shi kuma ya zauna manne. Halin mai shan lemo bai sake ba, amma abin yarwar ya kau.

Murfin gorar roba ma yana da irin wannan illa. Ga shi ƙarami, ga shi ba ya nutsewa a ruwa. A tsibirin Midway na Tekun Fasifik, tsuntsun teku da ake kira albaturos yakan tsince shi tare da abinci, ya ɗura wa 'ya'yansa. Da yake ciki ba ya narkar da roba, sai ta tare wurin abinci, ɗan tsuntsun ya rame. Daga Yuli 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa gorar abin sha ta roba da ba ta wuce lita 3 ba, murfinta ya kasance haɗe da ita.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Malami na iya sa ɗalibai su dubi ledar ruwa, wadda awaki da shanu ke haɗiyewa a bola, su zana siffar da za ta sa mai shan ruwa ya daina yar da ita.