Darasin Lafiya: Idan Wuta Ta Ƙone Mutum

'Yan'uwa manoma, ga hunturu ya shigo. Yara suna kewaye murhu suna jin ɗumi, tukunyar kunu tana tafasa a gefensu, ana kuma ƙona daji. A irin wannan lokaci ƙuna takan yi yawa a ƙauyukanmu. Ƙananan yara da masu farfaɗiya ne suka fi shan wahalarta.

Idan wuta ta kama rigar mutum, kada ya gudu, gama gudu yana hura wutar. Ya kwanta ya yi birgima a ƙasa, ko a lulluɓe shi da bargo. Daga nan sai ruwa. A yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta, irin na randa, a kan ƙunar har minti 20, amma ban da ƙanƙara. Ko wuta ta mutu, zafinta yana nan yana cin nama a ciki, ruwan ne yake tsayar da shi. In yaro ne, a rufe sauran jikinsa da zane don kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da munduwa tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne wa fata kuwa, a bar ta.

Mun sani akwai masu shafa manja, ɗanyen ƙwai, toka, har da kashin shanu. Ku bari! Waɗannan suna kai ƙazanta cikin ciwo, wurin ya ruɓe. A rufe shi da tsumma wankakke kawai.

Yanzu ku duba ƙunar da kyau. In fata ta yi ja kurum tana zogi, ƙunar ba ta shiga ba. In ta yi bororo, ta ɗan shiga. Kada a fasa bororon, shi ne murfin ciwon. Amma in wurin ya yi fari fat ko baƙi, ya bushe kamar ƙirgi, mai shi kuma ya ce ba ya jin zafi, kada ku yi murna. Wannan ce mafi muni, gama jijiyoyin da suke jin zafi sun ƙone.

Irin wannan sai asibiti, kome ƙanƙantarta. Haka kuma ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko wadda take a fuska, hannu, gaɓa ko al'aura. A kan hanya, in yana iya haɗiya, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, domin babbar ƙuna tana tsotse ruwan jiki. In kun isa, ku tuna wa malamin asibiti zancen allurar tetanus.