Kumburin Ƙafa a Lokacin Tsufa

Ya ku masu kula da dattawa a gida, ku sani ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe farin ruwan da ke tsattsafowa daga jini su mayar da shi. Kaluluwar da kan fito a matsematsi idan an ji rauni a ƙafa, tasha ce a kan wannan hanya. Ba zuciya ke tura ruwan ba. Hanyoyin ne da kansu ke matsewa suna saki, motsin tsoka na taya su, wasu 'yan ƙofofi kuma na hana shi komawa baya.

Da yake ɓera kan tsufa cikin shekara biyu, a jikinsa masana ke nazarin abin da shekaru ke yi wa hanyoyin. A shekarar 2015 masu bincike a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan sun gano cewa a fatar tsofaffin ɓeraye hanyoyin sun ragu, kwashe ruwan kuma ya yi nawa. Wasu nazarce-nazarcen sun nuna matsewar tana raguwa, bangon hanyoyin yana yoyo. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma darasin ya shafe mu.

A nan Pusiga da Bawku akwai ƙarin nauyi, wato tundurmi, wanda sauro ke yaɗa tsutsarsa. An shekara da shekaru ana rabon maganinsa a Ghana, maƙwabciyarmu Togo ma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta shawo kansa. Sai dai maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, ba ya gyara hanyar da ta riga ta lalace. Wanda tsutsar ta yi wa ɓarna yana saurayi, tsufa zai ɗora masa a kai.

Saboda haka kullum ku wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta, ku tsane tsakanin yatsu sosai, domin ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga. A ɗora ta kan matashi in an kwanta, a riƙa motsa idon sawu ko a zaune ake, a sa takalmi mai laushi. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, don ƙafar da ruwa ya kwanta mata ba ta saurin warkewa.

Idan ƙafar ta yi zafi da raɗaɗi, ga zazzaɓi, ku kai shi asibiti ko cibiyar CHPS mafi kusa a ranar. Idan kuma duka biyun suka kumbura tare da haki, a duba zuciya da ƙoda ba da ɓata lokaci ba.