Shirya Zukatan Ɗalibai Kafin Kallon Tsohon Wasan Kwaikwayo

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka ma kowane wasan kwaikwayo da muryar zamaninsa yake magana. Wannan darasi zai duba yadda malami zai shirya zukatan ɗalibai kafin ya nuna musu tsohon wasa, tare da kafa misali da fim ɗin Shehu Umar.

1.1 Asalin Wasan

Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin Shehu Umar, aka buga shi a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya shirya shi a matsayin fim a 1976. Labari ne na yaro ɗan Kagara da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim a Kano, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

1.2 Inda Matsalar Take

A ɗauka an tura ɗalibi koyon aikin malanta a wata makarantar sakandare a Gurbin Ɓore, cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi. Yaran da zai tarar sun tashi ne da finafinan Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990, suka bunƙasa da waƙa da rawa da labarin soyayya. Idan aka kunna musu Shehu Umar ba tare da shiri ba, za su jira waƙar soyayya ba su ji ba, su ga tafiyar labari ta yi musu nawa, hoto kuma ya dushe. Daga nan sai surutu da dariya, darasi ya tashi a tutar babu. Abin da ya fi wannan muni shi ne wani yaro ya ɗauki kalmar bawa ya jefi ɗan'uwansa da ita a matsayin gori.

1.3 Matakan Shiri

Na farko, malami ya ba da labarin a taƙaice tun kafin kallo. Masu kallon opera a Italiya da Jamus, wato wasan da ake rera shi da waƙa, sukan karanta taƙaitaccen labarin kafin a buɗe labule, domin hankalinsu ya koma kan yadda aka gabatar da shi.

Na biyu, ya bambanta musu zamani uku: ƙarshen ƙarni na 19 da labarin ya faru, da 1934 da aka buga shi, da 1976 da aka ɗauki fim ɗin.

Na uku, ya ba su abin nema a cikin wasan, kamar sutura, da gaisuwar fada, da tsarin ayari, da kalmomin da suka daina yawo a bakin mutane.

Na huɗu, ya yi bayanin bauta a fili, ya nuna cewa musiba ce da ta raba uwa da ɗanta, ba abin tsokana ba ce.

1.4 Kammalawa

Shirya ɗalibi ba ya nufin hana shi suka. Yana da damar ya ce wani wuri ya yi tsawo ko sauti bai fita ba, muddin dai ya auna wasan da kayan aiki da manufar zamaninsa.

1.5 Auna Fahimta

1. Kawo zamani uku da suka haɗu a fim ɗin Shehu Umar.
2. Tsara gabatarwa ta minti 10 da za a yi wa ɗaliban aji 3 na ƙaramar sakandare kafin kallon wannan fim.