Yadda ake buɗe wa uwar garke hanyar sabuntawa ba tare da an rushe katanga ba

Uwar garken da ke bayan katangar tsaro tana tsaka mai wuya. In an kulle ta gam, facin da zai toshe ɓarakar manhajojinta ba zai iso ba. In kuma an sakar mata mara, ɓarawon da ya samu shiga ta nan zai fitar da kaya. Muguwar manhajar WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila a watan Mayun 2017, alhali Microsoft ta fitar da facin tun watan Maris. Mu ɗauki na'ura mai Ubuntu ko Debian mu bi aikin daki-daki.

Kada ka fara da zargin katanga, fara da hanya. Buga ip route ka duba ko akwai layin da ya soma da default, wanda ke nuna rautar da saƙo zai bi ya fita waje. In babu shi, ko ka rushe katangar ba inda za a je. Daga nan sai DNS, mai mayar da suna zuwa lamba, ta ƙofa ta 53. Wani lokaci yakan ba na'ura adireshin IPv6 alhali layin bai ɗauke shi ba, sai ta yi ta jiran gawon shanu. Saka Acquire::ForceIPv4 a saitin apt, manhajar da ke sauke sabuntawa, magana ta ƙare.

Duba agogo kuma. Na'urar da batirin agogonta ya mutu, in aka ɗauke wuta ta kan farka a wata shekara can baya, sai ta ƙi yarda da takardun shaida masu kyau, ta ce lokacinsu bai yi ba. Buɗe mata ƙofa ta 123 ta riƙa daidaita lokaci.

Yanzu a zo kan katanga. Ƙofa biyu ake buƙata, 80 da 443, kuma na fita kaɗai. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami: sai su nemo lambar adireshin rumbun manhajoji na deb.debian.org ta yau su rubuta a katanga, su ce an gama. Bayan kwana biyu abu ya tsaya cak, domin rumbun yana kan hanyar rarrabawa ta Fastly, lambobinsa na sauyawa. A ganina bin lamba wahalar banza ce. Ka kafa wakili guda, Squid a ƙofa ta 3128 ko apt-cacher-ng a 3142, shi kaɗai ke da izinin fita, kuma da suna za ka ba shi wuraren zuwa, irin su archive.ubuntu.com da security.ubuntu.com. Sauran na'urori ka nuna musu shi ta fayil ɗaya a /etc/apt/apt.conf.d/. Ga riba biyu: kana ganin wanda ya sauke me, kuma ƙunshin da na'ura ashirin ke so sau ɗaya za a sauke shi. Mai sayen data ya san darajar wannan.

Akwai wata matsala mai sa furfura. Haɗi ya yi, ƙananan fayiloli sun wuce, babba ya maƙale a sifili. Yawanci girman ƙunshin saƙo ne: layi na ɗaukar bayit 1500, PPPoE ya rage shi zuwa 1492, VPN ya ƙara ragewa, mai katanga kuma ya toshe ICMP gaba ɗaya, don haka saƙon da ke cewa a rage girma ba ya isowa. Bar wannan saƙon ya wuce.

Saura sa hannu. Kada ganin http ya tsorata ka, apt na tantance fayil ɗin InRelease da makullin GPG na masu rumbun kafin ya karɓi komai, ko harafi ɗaya aka taɓa a hanya zai gane. In ya yi ƙorafin sa hannu, za a samu mai ce maka ka rubuta trusted=yes ka huta. Kada ka yarda. Koma ka duba agogo, ka duba ko wakili ya riƙe tsohon fayil, ka sabunta makullin daga tushensa. In komai ya wuce, gwada sabuntawar a na'ura ɗaya tukuna, ka bar ta ta kwana tana aiki kafin ka taɓa sauran.