Waya a Mota: Gama da Ita Tun Kafin Ka Tayar da Injin

Da wuya ka sami direban da ke shiga mota yau ba waya a aljihunsa. Ita ke nuna masa hanya a garin da bai sani ba, ta nan fasinja ke nemansa, ta nan alat ɗin kuɗin mota ke shigowa, ta nan kuma iyali ke bugowa su ji ko ya wuce Zariya. Saboda haka a ce masa ya kashe ta ya jefa a but, shawara ce da ba mai bi. Abin da zai yiwu shi ne ya tsara aikinta, duk abin da ke buƙatar ido da yatsa ya ƙare tun mota tana tsaye.

Mu fara da lissafi. Ƙaramar motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da aka yarje mata a manyan tagwayen hanyoyin Najeriya, tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. Hukumar kula da lafiyar tuƙi ta Amurka ta ƙiyasta cewa karanta saƙo ko aika shi yana ɗauke ido daga titi na kimanin sakan 5. Ke nan mita 140 ka tafi ba ka ga gabanka ba, tazarar da ta zarce tsawon filin ƙwallo. A cikin gari ma, kana kan kilomita 50, leƙen sakan biyu mita 28 ne, kuma a cikinsu ɗan sahu zai iya cin birki ba sigina, ko yaro ya fito daga bayan motar da aka faka. Wani binciken cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech a 2009 ya gano cewa direban babbar mota da ke rubuta saƙo ya ninka wanda ba ya yi sau 23 wajen yiwuwar yin haɗari ko tsallake shi da ƙyar.

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun sa waya a lasifika, ko sun haɗa ta da rediyon mota ta Bluetooth, an gama magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar shiga haɗari kusan sau huɗu, kuma wanda bai riƙe ta a hannu ba bai tsira da wani abin kirki ba. Dalili kuwa, hannu ne ya huta, hankali yana can wajen cinikin da ake yi ko rigimar da ake warwarewa. Masu bincike a jami'ar Utah sun nuna a 2015 cewa bayan direba ya gama ba na'ura umarni da baki, hankalinsa kan iya ɗaukar har sakan 27 kafin ya dawo kan titi sosai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin ka tashi

Rubuta inda za ka a Google Maps ko Waze kana tsaye, sannan ka bi layin hanyar da idonka daga farko zuwa ƙarshe. Riƙe sunayen manyan garuruwa a ka. Idan Maiduguri ka nufa daga Kano, ka san Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu ne a gabanka, to ko wayar ta mutu ba za ka ruɗe ba.

Sauke taswirar yankin cikin wayarka tun kana gida. A Google Maps, danna hoton asusunka, shiga Offline maps, ka zaɓi faɗin wurin da kake so. Na'urar GPS da ke cikin waya da tauraron ɗan'adam take magana, ba ruwanta da data, don haka jagora zai ci gaba ko a dajin da ba sabis. Babban abin da za ka rasa shi ne labarin cunkoso. Sau da yawa taɓe-taɓen waya a kan hanya daga tsayawar taswira yake farowa, wannan kuwa ya yi maganinsa.

Kunna muryar jagora ka ƙara sautinta har ta rinjayi ƙarar injin da iska. Tun 2019 Google Maps ke da murya mai Turanci irin na 'yan Najeriya, wadda ta fi sauƙin kamawa a kunnenmu. Zaɓi karatun Alƙur'ani, wa'azi ko waƙoƙin da za ka saurara, mai tsawon da zai kai ka zango na gaba. Jona caja yanzu, kada sai batir ya yi ja ka fara lalube a ƙarƙashin kujera.

Sai ka rufe bakin wayar. A iPhone akwai tsarin Driving a cikin Focus, wanda ke hana sanarwa fitowa, ya kuma iya mayar da amsa da kansa cewa kana tuƙi. A wayoyin Android akwai Do Not Disturb. Dukansu suna ba ka damar ware mutum biyu ko uku da kiransu zai shigo.

Mazaunin waya

Cinya, aljihun gaba da gurbin kofi duk ba wurin ajiye waya ba ne, domin kowannensu sai ka sunkuyar da kai. Sayi maƙali mai ƙarfi, ka kafa shi daidai tsayin ido, inda ba zai tare maka titi ko madubi ba, kuma nesa da inda jakar iska ta kariya ke fitowa. Gwada shi a kan hanya mai gargada. Maƙalin da ke sakin waya a kowane rami ya fi rashinsa haɗari, saboda hannu kan bi abin da ya faɗi tun kafin tunani ya hana shi.

Yi la'akari da zafin ƙasarmu. Wayar da ke manne a gilashin gaba cikin ranar Afrilu, tana caji tana kuma jan taswira, takan yi zafi har ta dusashe fuskarta ko ta kashe kanta. Idan motarka na da iyakwandishan, maƙalin da ake sawa a bakin mafitar sanyi ya fi. Kuma ka matsar da shi wajen tsakiyar mota, domin wayar da ke kusa da buɗaɗɗen taga a danja kiran masu ƙwace take yi.

Motoci masu allo

Apple CarPlay da ya fito a 2014, da Android Auto da ya biyo baya a 2015, suna ɗauko taswira, kira da sauti daga waya su sa a allon mota da manyan alamomi. Amma ba lasisin wasa da allo ba ne. A wani gwaji da cibiyar binciken sufuri ta TRL ta yi a Birtaniya a 2020, lokacin da direbobin da ke danna waɗannan alluna ke ɓatawa kafin su ɗauki mataki ya ƙaru da fiye da kashi 50 cikin ɗari. Masu amfani da murya sun fi dama, duk da su ma sun yi nawa.

To ka taƙaita umarnin baki ga gajerun abubuwa, kamar kiran mutum ɗaya ko komawa gida. Waɗannan na'urori sukan rikice da sunaye irin su Rijiyar Lemo ko Unguwar Rimi, kuma gyara kuskurensu shi ya fi cin hankali. Idan ba ta gane ba a karo na farko, ƙyale ta sai ka tsaya.

Idan kira ya shigo

Mafi yawan kira zai iya jira. Wanda ya zama dole, jimla ɗaya ta isa: "Ina tuƙi, zan kira ka in na tsaya." Kada ka yi ciniki, lissafin kuɗi ko sasanta rigima a kan sitiyari. Saƙon murya na WhatsApp ma tarko ne, don sai ka buɗe, ka nemo, ka danna. Idan za ka tsaya, nemi gidan mai ko fili mai mutane, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Kada ka faka a kwana, kan gada ko bayan tudu, inda tirela ba za ta hango ka da wuri ba.

Idan ka wuce mararrabar da ya kamata ka shiga, ci gaba da tafiya, taswira za ta sake lissafi da kanta. Cin birki kwatsam ko yin ribas a babban titi ya fi ɓatan minti biyar tsada. Kuma kada ka miƙa mata wuya ɗungurungum. Tana iya nuna maka gajeriyar hanya ta cikin daji, alhali ba ta san gadar da ruwa ya cinye ba, ba ta kuma san inda matsalar tsaro ta sa mutane suka daina bi ba. Tambayi direbobin tasha kafin ka kama hanyar da ba ka saba ba. Matambayi ba ya ɓata.

Doka da sauran jama'a

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 ta sa amfani da waya yayin tuƙi cikin laifuffuka, da tarar naira 4,000. A 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce kan ko bin Google Maps ma laifi ne, har hukumar ta fito ta bayyana cewa ba taswirar take yaƙa ba, sarrafa waya ana cikin tuƙi ne ta hana. Ka adana lambarta ta gaggawa, 122, wadda ake kira kyauta.

Nauyin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba. Wanda ke kujerar gaba ya karɓi aikin waya, ya duba hanya, ya amsa kira, ya tabbatar da alat. Maigidan da ya aiki direbansa Kaduna ya daina bugo masa kowane rabin awa, su yi alkawarin inda zai tsaya ya kira. Uwargida da ke son sanin inda mai gidanta ya kai, ya tura mata wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp kafin ya tashi, sai ta riƙa gani ba tare da ta kira ba. Fasinjan motar haya kuwa, idan ya ga direba ya sunkuya kan waya, yana da haƙƙin magana, kuma lafazi mai daɗi ya fi saurin shiga: "Malam direba, don Allah kawo in riƙe maka, ko mu ɗan tsaya ka gama." Da zarar mutum ɗaya ya faɗa, sauran fasinjoji sukan mara masa baya.