"An bi gida-gida, ba a samu komai ba": kafin ka yarda da wannan jimlar

Aikina karatun tsofaffin takardun 'yan sanda da na kotu, da koya wa ɗalibai yadda ake tatsar tarihi daga cikinsu. Jimlar da ta fi kowace ruɗar sabon mai bincike ita ce wadda ke cewa 'yan sanda sun bi unguwa gida-gida, ba su samu komai ba. Ɗalibi yana ganinta sai ya rufe babin, ya ɗauka an kewaye kowa. Ni kuwa a nan nake cewa ya buɗe ido, kuma misalin da nake ba su shi ne kashe-kashen unguwar Whitechapel da ke gabashin Landan a 1888, waɗanda ake danganta su da wanda aka laƙaba wa Jack the Ripper. Har yau ba a gurfanar da kowa a kansu ba.

A daren 30 ga Satumba na shekarar aka kashe mata biyu, Elizabeth Stride a titin Berner da Catherine Eddowes a dandalin Mitre. Gari ya ɗauki zafi, jaridu suka yi wa 'yan sanda ca. A watan Oktoba aka baza jami'ai cikin farin kaya, bibbiyu, suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Rahoton da Babban Sufeto Donald Swanson ya rubuta ranar 19 ga Oktoba ya ce an raba takardun neman bayani 80,000, an yi wa masu kwana a gidajen kwanan haya fiye da 2,000 tambayoyi, an bi diddigin mutum fiye da 300, an tsare 80, an kuma ziyarci mahauta da masu yanka 76.

Alƙaluman suna da kwarjini, amma sai ka ɗauko taswira. Swanson ya faɗi iyakar yankin da aka bincika, kuma ta kudu ya tsaya ne a titin Whitechapel. Titin Berner, inda aka kashe Stride, yana kudu da wannan iyaka. Buck's Row, inda aka tsinci gawar Mary Ann Nichols a ƙarshen Agusta, yana gabas da ita. Ke nan duk wanda ke zaune bayan layin, babban binciken bai taka ƙofarsa ba. Saboda haka abu na farko da nake sa ɗalibi ya yi shi ne ya zana iyakar a kan taswirar wancan zamani, ba ta yau ba, don an sauya sunayen tituna da yawa. Berner ɗin ma yanzu Henriques ake ce masa.

Sai batun izini. Jami'an ba su riƙe takardar izinin bincike daga alƙali ba, da yardar masu gida suke shiga. Kwamishinan 'yan sanda Charles Warren ya yi musayar wasiƙu da ma'aikatar cikin gida a kan haɗarin kutsa kai gidajen mutane ba bisa doka ba, daga baya kuma ya fito ya gode wa mazauna unguwar saboda haɗin kan da suka bayar. To amma wa ya buɗe ƙofar? Unguwa ce ta talakawa, gida ɗaya iyalai da dama, ɗaki-ɗaki. Maza sun fita neman abinci a tashar jiragen ruwa ko kasuwa. Akwai Yahudawa masu yawa da suka gudo daga ƙasashen da ke ƙarƙashin Rasha, wasu ba su jin Turanci, kuma abin da suka baro a can bai koya musu amincewa da mai kaki ba. Lissafin 'yan sanda da kansu ya nuna gidajen kwana 233 a Whitechapel, masu ɗaukar mutum kusan 8,500, inda ake biyan kuɗin gado dare-dare. Wanda ya kwana jiya ba lalle a same shi yau ba. Duk wanda ya taɓa yin sallama a zauren gidan haya ya san abin da nake nufi: wanda ya fito shi ne zai yi magana da yawun mutum ashirin da bai san inda suka kwana ba.

Labarin da na fi daɗewa a kansa a aji shi ne na Matthew Packer, mai sayar da kayan marmari a lamba 44, titin Berner, dab da inda aka kashe Stride. Washegari da safe Saje Stephen White ya je ya tambaye shi, ya ce bai ga kowa ba, bai ji komai ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, da wasu masu bincike masu zaman kansu suka same shi, sai ga labari a jaridar Evening News cewa ya sayar wa wani mutum inabi yana tare da matar, har da cewa babu ɗan sandan da ya tambaye shi. Rahoton White yana nan, shi ya ƙaryata wannan. Swanson ya yanke cewa maganar Packer ta sauya har ta rasa daraja a matsayin shaida. A ganina ya yi daidai. Amma ka lura, da rahoton sajen ya ɓace, da jaridar kaɗai za mu karanta, mu yi ta zagin 'yan sanda a kan sakacin da ba su yi ba.

Akwai kuma inda suka yi sakacin. A zaman binciken mutuwar Nichols, Sufeto John Spratling ya amsa wa mai shari'a Wynne Baxter cewa ba kowane gida na Buck's Row aka shiga ba, alhali an haura mako biyu da kisan. Baxter ya ce sai an je.

Littattafan aljihun da jami'an suka riƙa rubuta sunaye a lokacin binciken Oktoba ba su iso gare mu ba. Abin da ya rage taƙaitawar manya ce, tana ajiye a gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a fayilolin 'yan sandan Landan da na ma'aikatar cikin gida. Takardun 'yan sandan tsakiyar birni, waɗanda kisan Eddowes ya faɗo a hannunsu, yawancinsu sun salwanta a ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu. Wannan giɓi shi ya ba masu shaci-faɗi fili. Robert Anderson, shugaban sashen binciken manyan laifuka, ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 1910 cewa binciken gida-gida ya kai su ga wani Bayahude ɗan Poland da mutanensa suka ɓoye. Amma shi ɗin ne ya rubuta wa ma'aikatar cikin gida ranar 23 ga Oktoban 1888, bayan an gama binciken, cewa ba su da ko ƙwayar alama. Idan takardu biyu na mutum ɗaya suka saɓa, ni wadda aka rubuta da zafin abin nake fifitawa a kan wadda aka rubuta bayan shekara 22. Mako uku da kammala binciken kuwa, ranar 9 ga Nuwamba, aka kashe Mary Jane Kelly a ɗakinta a Miller's Court, cikin yankin da aka ce an tace.

Ga ɗalibanmu masu zuwa gidan adana takardu na Kaduna ko Gidan Arewa neman tsohuwar shari'a: idan kun ci karo da "an bi gida-gida", ku nemi iyakar da aka bi, ranar da aka bi, wanda ya amsa sallama, da takardar farko da ƙaramin jami'i ya rubuta. Ku haɗa da jarida, amma kada ku ɗora ta a kan rahoto. Kuma kada ku ɗora wa mamaci laifin kisa don sunansa ya fito a cikin waɗanda aka yi wa tambaya. Yana da jikoki.